Siyasar Gambo Sawaba: Daga Kan Dandamali Zuwa Tsakar Gida

(Kiɗan taken shiri, sannan ya lafa)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Nasarawa Burkullu, da na Bukkuyum, Gwashi, Adabka da Zugu, da na Gummi da Ɗaki Takwas, da na Anka har Bagega. Iyayenmu mata da ke gindin murhu da rediyo a gefe, sannunku da hayaƙi. Iyayenmu maza da ke majalisa, a ɗan ƙara wa akwatin murya. Kan mace za a yi zancen yau, amma da ku a ciki.

Kowa ya san yadda ake yi in kakar zaɓe ta kama. Mota ta tsaya a ƙofar gidan mai unguwa, a sauke turamen atamfa da sabulu da taliya da magi, a ce shugabar mata ta iso. A tara mata, a rangaɗa guɗa, a ɗauki hoto, a raba abin da za a raba, wasu su samu, wasu su koma gida da haushi. Daga ranar kuma ba mai sake ganin motar sai an shekara huɗu. Yarinyar da ta tashi tana ganin haka, in ka tambaye ta mene ne aikin mace a siyasa, rabon atamfa za ta ce maka, don shi ta gani. To yau za mu kawo labarin matar da ta yi siyasa a ƙasar nan tun lokacin da mace ba ta da ƙuri'a a Arewa, ba ta da mota, ba ta da abin rabawa, amma har yau in an ambaci sunanta a Zariya sai ka ji dattawa sun ce Allah ya jiƙanta. Hajiya Gambo Sawaba ke nan.

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa kun san dalili, tagwaye ta biyo. Mahaifinta mutumin Gana ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, ya musulunta, aka sa masa suna Isa. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wadan Zariya, sai dai karatun bai yi nisa ba. Tana da shekara goma uban ya rasu, a 1943, bayan shekara uku uwar ma ta bi shi. Tana shekara goma sha uku aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya je Yaƙin Duniya na Biyu. Da ciki ya bayyana, mutumin ya sa ƙafa ya fita, bai sake dawowa ba. Ta haifi 'yarta Bilkisu.

Ku ɗan tsaya a nan, iyayena. Marainiya ta uba da uwa, karatu ya yanke, miji ya gudu, ga goyo, shekarunta ba su kai goma sha bakwai ba. A unguwarku akwai irinta nawa yanzu haka? Ba sai na faɗa ba. Wannan ne ya sa na zaɓi labarinta, don ba daga gidan sarauta ko gidan kuɗi ta fito ba, daga cikin irin halin da muka sani ta fito.

Waɗanda suka san ƙuruciyarta sun ce tun tana ƙarama ba ta iya ganin babba na dukan ƙarami ta wuce. Sai ta shiga tsakani ta ce wa mai rauni ya koma gefe, ta sayi faɗan. Ta sha komawa gida da riga a yage. An kuma ce ba ta ƙyamar masu taɓin hankali da ke yawo a titi, takan ba su abinci da tufa. Halin da ta shiga siyasa da shi ke nan, kuma da shi ta mutu.

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Matasa na yanzu ba za su gane nauyin abin ba sai an bayyana musu yadda mulki yake a lokacin. Turawa ne a sama, amma talaka bai cika ganin Bature ba, En'e yake gani. Haraji da jangali hannun En'e suke, 'yan doka nata ne, kotun alkali tata ce, gidan yari nata ne. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk ubangidansu ɗaya. Ga aikin tilas, a kwashi mutane daga gonakinsu a kai su gyaran hanya ko noman gandu ba ko kwabo. NEPU ta fito ta ce wannan zalunci ne, talaka ma mutum ne. Saboda haka shiga cikinta ba ƙaramin ganganci ba ne, taronta ma a ɓoye ake yi a wurare da yawa. Gambo na da shekara goma sha bakwai ta shiga reshen Zariya.

Abin da ya fito da ita shi ne wani taro da aka yi a Zariya. Mazaje sun cika wuri, amma kowa na tsoron a ga bakinsa, sai yarinyar nan ta hau dandamali ta yi magana, ta faɗi abin da suke ta nuƙu-nuƙu a kai. An ce Malam Aminu Kano ne ya laƙaba mata Sawabiya, daga nan sunan ya bi ta. Aka ba ta shugabancin mata a Sabon Garin Zariya, daga baya ta zama jagorar matan jam'iyyar gaba ɗaya. Ta yi tattaki har Abekuta don ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan kasuwa suka yi wa haraji bore har sarkin garin, Alake, ya sauka daga gadonsa a farkon 1949. A can ta ga da idonta cewa mata in sun haɗa kai, suna da rajista, suna da shugabanni, hukuma na sauraronsu ko tana so ko ba ta so.

A farkon shekarun 1950 jam'iyya ta tura ta Kano neman goyon bayan mata. Dabararta mai sauƙi ce: namiji ba zai shiga gidan kulle ba, ita kuwa za ta shiga. Ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, ana tankaɗe ana tsinkar zogale tana bayani. Zancen haraji take yi musu, da auren dole, da aurar da yarinya tun jikinta bai ƙosa ba, da sa 'ya'ya mata makaranta. Ba a daɗe ba aka gurfanar da ita gaban alkali da laifin fitar da matan kulle, aka ɗaure ta. Da ta fito ba ta yi shiru ba, ta tona irin ƙazanta da wulaƙancin da ta gani a gidan yarin. An taɓa kama ta tare da mata kimanin ɗari biyu wai sun yi taro ba izini. Ƙarshe aka ce ta bar Kano.

Sau goma sha shida aka ɗaure matar nan a rayuwarta. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. 'Yan bangar siyasa sun zubar mata da haƙoran gaba. An taɓa yi mata taron dangi da duka aka yar da ita a daji, ana zaton ta mutu. Ana ba da labarin wani bargo da take ajiyewa kusa da ita a ɗaki, in 'yan doka sun yi sallama sai kawai ta ɗauka ta bi su, don ta san inda za a kwana. Ni wannan bargon ya fi tsaya mini a rai a kan duk jawabanta. Wanda ya tanadi bargon kurkuku ya riga ya gama lissafi da kansa.

Ba zan ce muku waliyyiya ce ba. Tana da zafin rai, tana da kaifin harshe, aurenta ma bai zauna ba har sau da dama. Na kuma san a cikin masu saurarenmu akwai malamai da magidanta da ba za su yarda da duk abin da ta faɗa kan kulle ba, kuma wannan muhawara ce da za a iya zama a yi ta cikin mutunci. Amma akwai abu guda da tarihi ya riga ya yanke hukunci a kansa, wato ƙuri'a. A zaɓen 1959, wanda ya kai mu ga 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa na gida. Jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba, al'ada da addini ba su ba da dama ba. Gambo da matanta sun je har Kaduna, ofishin Firimiya Sardauna, Allah ya jiƙansa, suka kai kukansu, ba a biya musu bukata ba. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, aka ba matan Arewa 'yancin zaɓe, suka kuma yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. Yau ku je kowace rumfar zaɓe daga Gummi zuwa Anka ku ga layin mata, wani lokaci ya fi na maza tsawo, da hijabansu da goyonsu, kuma ba malamin da ya ce sun yi saɓo. Abin da aka fasa wa mace baki a kansa jiya, yau ɗan takara ne ke roƙon maigida ya bar iyalinsa su fito.

A Jamhuriya ta Biyu, abin mamaki, ba PRP ta Malam Aminu ta shiga ba, GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyya ta ƙasa. Haraji da jangali kuwa, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, su suka soke su a 1979.

Amma rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin a gidanta yake. Ita da ta haifi 'ya ɗaya, gidanta bai taɓa rabuwa da yara ba: marayu, da waɗanda aka tsinta, da waɗanda iyayensu suka kasa. Ta ci da su, ta sa su makaranta, ta aurar da wasu. Mai jinya da ba shi da kowa, matar da aka kora da tsakar dare, baƙon da kuɗin mota ya yanke masa, duk gidan Hajiya ake nuna musu. Abin da ya shigo hannunta da safe ba ya kai yamma. A wurinta yaron da ke cin tuwo a tsakar gidanta da jawabin da take yi a kan dandamali duk aiki ɗaya ne, don abin da ya jefa yaron a titi shi take zagi a dandamalin. Ta rasu a watan Oktoba na 2001. An sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya shirya buga takardar naira 5,000 da hotonta tare da Funmilayo da Margaret Ekpo, sai aka dakatar da shirin, takardar ba ta fito ba.

Za mu ɗan sha iska, in mun dawo mu leƙa Jamus.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla. Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, labarin Hajiya Gambo Sawaba muke yi. Na ce za mu leƙa Jamus, don a can an yi wata mata da rayuwarta ta yi kama da ta Gambo har abin ya ba ni mamaki, sai dai sun rabu a wuri ɗaya, kuma wurin nan ne nake so mu duba da kyau.

Sunanta Marie Juchacz, ana furta shi Mari Yuhac. An haife ta a 1879, 'yar kafinta ce. Tana shekara goma sha huɗu ta bar makaranta, ta yi aikatau a gidajen masu hali, ta yi aikin masana'anta, ta yi jinyar masu taɓin hankali, sannan ta tara kuɗi ta koyi ɗinki. Ta auri wani tela, suka haifi 'ya'ya biyu, auren ya mutu, ta kwashi 'ya'yanta ta koma Berlin a 1906 tana ɗinki tana ci da su. A lokacin doka ta hana mace shiga jam'iyya a yankinsu. Da aka ɗage dokar a 1908 ta shiga SPD, jam'iyyar ma'aikata mai ra'ayin gurguzu. Bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba mata ƙuri'a, aka yi zaɓe a Janairun 1919, mata 37 suka shiga majalisa, da ita a ciki. Ranar 19 ga Fabrairu, 1919 ta zama mace ta farko da ta yi jawabi a majalisar ƙasar. Abin da ta faɗa a taƙaice shi ne, gwamnati ba ta bin matan Jamus bashin godiya a kan ƙuri'a, haƙƙinsu ne da aka daɗe ana danne musu aka mayar musu.

Ƙasar a lokacin cike take da matan da yaƙi ya kashe wa maza, da marayu, da guragu, da yunwa. Taimakon da ake bayarwa kuwa na masu kuɗi ne da majami'u, sai talaka ya sunkuyar da kai ya nuna shi abin tausayi ne kafin a ba shi. Matar nan ta ce a'a, ma'aikata su taimaki junansu da kansu, kuma mabukaci haƙƙinsa yake karɓa. Ranar 13 ga Disamba, 1919 ta kafa ƙungiyar kula da walwalar ma'aikata da ake kira AWO. Suka buɗe ɗakunan ɗinki, da wuraren dafa abincin rana, da ofisoshin ba da shawara, suna tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga hannun mambobi. A 1928 har makarantar horar da ma'aikatan jin ƙai suka buɗe a Berlin. Da Hitila ya hau mulki a 1933 ya rushe ƙungiyar, ita kuma ta yi gudun hijira. A garin farko da ta sauka ma sai ta ɗora tukunya tana ciyar da 'yan'uwanta 'yan gudun hijira. Daga nan ta wuce Faransa, ta isa Amurka a 1941, ta dawo gida a 1949, ta rasu a 1956.

Ga inda suka rabu. Kafin ma ta dawo, tun a 1946, waɗanda ta horar sun riga sun sake tayar da ƙungiyar. Yau AWO na da ma'aikata sama da 200,000, tana riƙe da gidajen renon yara da na tsofaffi da na naƙasassu a faɗin Jamus. Shekara kusan saba'in ke nan da mutuwar matar, aikin bai tsaya ba. Na Gambo kuwa a aljihunta yake da tsakar gidanta. Da ta kwanta dama, sunan ya rage a allon asibiti, yaran da ta rena suna yi mata addu'a, amma marayan da aka haifa bayanta ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Alherin mutum ɗaya kamar hatsin da aka shanya a tabarma ne, kowa ya zo ya ɗiba ranar. Ƙungiya ita ce rumbu.

Ba laifi nake ɗora mata ba. Bajamushiyar ta tarar da jam'iyya mai tsari da ƙungiyoyin ƙwadago masu biyan kuɗin wata. Gambo kuwa rabin ƙarfinta a kotu da kurkuku ya ƙare, sannan a 1966 soja suka zo suka rushe jam'iyyu duka. Laifin, in akwai, namu ne da muka gaji labarin muka tsaya a yabo.

Kada kuma wani ya ce ai tsarin ƙungiya na Turawa ne. Nan ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar mata zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Ba karatu kaɗai ba, ana hore su da duba marasa lafiya da taimakon mai haihuwa da sasanta rigima. Asma'u ta rasu, 'Yan Taru suka ci gaba a hannun 'yan'uwanta, don akwai jaji, akwai tsari, kowa ya san aikinsa. A zamaninmu ma ga FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, da makarantunta da asibitocinta. Abin namu ne tun asali.

To mu dawo gida. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a tuna musu 2010. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙura ta bi ɗaki da kwano da hannun yaro mai rarrafe. Yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa, a 'Yargalma, a Dareta, a Abare, a Tungar Daji, a Sunke, daga baya aka gano Bagega ta fi ko'ina yawan gubar. Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Wa ya fara ganin abin? Uwaye. Su ke riƙe da yaran a cinya. Amma labarin bai fita ba sai a watan Maris na shekarar, da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen binciken sanƙarau suka ji yawan mace-macen ya wuce hankali. Ni a ganina, da a ce a kowane ƙauye akwai mata biyar da ke rubuta duk yaron da ya rasu da abin da ya yi kafin ya rasu, kuma suna da wanda za su kai wa takardar a hedikwatar ƙaramar hukuma, da an farga tun kaburburan ba su kai haka ba. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an yi ta kiraye-kiraye.

Yanzu kuma ga masifar 'yan bindiga. Duk garin da ke bakin titi ya cika da mutanen ƙauyuka. A Nasarawa Burkullu, a Gummi, a Anka, akwai gidajen da mai ɗaki ke auna tiya biyu a da, yanzu huɗu take aunawa, don 'yar'uwar mijinta ta zo da 'ya'ya shida, mijin an kashe shi ko yana hannun mutanen daji. Ta ba su ɗakin da take ajiye kayanta, ta raba zannuwanta biyu, in dare ya yi ta ƙirga kawuna kafin ta kwashe tuwo, nata malmalar ce ke ƙanƙancewa. Ga ungozomar da ake tasa da ƙarfe biyun dare ba ta tambayar ko nawa za a ba ta. Ga malamar Islamiyya da ke karɓar marayu ba kuɗin wata. Waɗannan duk aikin Gambo suke yi, ko ba su taɓa jin sunanta ba. Sai dai kowace ita kaɗai take yi, in ta gaji ko ta kwanta ciwo shi ke nan.

Iyayena mata, adashe kun iya shi tun kafin a haife mu, ba wanda zai koya muku riƙon amanar kuɗi. Abin da ya rage a ɗora shi ne littafi. Mata goma ko goma sha biyar na unguwa ɗaya su zauna, su samo yarinya mai karatun boko ko na ajami, a rubuta marayun unguwa da shekarunsu, wa ke makaranta wa ba ya zuwa, mata nawa ke takaba, baƙi nawa aka sauka a gidan wa. A yanka abin da kowa za ta iya sawa duk mako, ko na sayen magi ne, wadda ba ta da kuɗi ta kawo gwangwanin gero. Akwati ya zama mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun wannan, ɗaya a hannun waccan, kuma duk wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita kowa na ji. Ƙungiyoyinmu da yawa ba rashin kuɗi ke kashe su ba, zargi ne, kuma zargi ba ya samun wurin zama inda ake karanta lissafi a fili.

Amfanin littafin ya wuce abin da ke cikin akwati. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi, kowace ƙaramar hukuma tana da sashen walwalar jama'a, asibitin mazaɓa yana da kwamiti, makarantar firamare ma haka, kuma a kwamitocin nan akwai kujerun mata da galibi ba mai zama a kai. Matar da ta je ita kaɗai tana kuka, a ba ta haƙuri da kuɗin mota. Matan da suka je da takarda mai sunan marayu arba'in da sa hannun mai unguwa da liman, dole a buɗe musu fayil. Haka in mai neman kansila ko ɗan majalisa ya aiko, a karɓi baƙonsa da mutunci, sannan a buɗe littafin a ce ga yaranmu da ba sa makaranta, ga asibitinmu ba ma'aikaciyar karɓar haihuwa, me za a yi, kuma yaushe? Majalisar Dattawa mai kujeru 109 mata huɗu kacal ke cikinta bayan zaɓen 2023, kafin a gyara wannan da sauran tafiya. Amma kujerar kwamitin asibitin mazaɓa ba ta bukatar fosta ko kuɗin fom.

Iyayenmu maza, naku shi ne izini da rakiya. In Inna ko mai ɗakinka ta ce za ta taron unguwa ranar Alhamis bayan la'asar, a bar ta, in da hali a ba ta abin sawa a akwati. Malamanmu kuma a taimaka da faɗakarwa a masallaci, don kula da maraya ba sai an kawo hujja daga Jamus ba.

Sai gargaɗi ɗaya, saboda halin da muke ciki. Kowa ya san akwai masu kai rahoto daji. Kada a yi shelar nawa aka tara, kada kuɗi su kwana da yawa a gida ɗaya, in sun ɗan taru a sayi hatsi ko a kai asusun banki da sunan ƙungiya. Littafin sunaye kuma a hannun mutum biyu amintattu zai zauna, ba a ɗaukar hotonsa a tura a WhatsApp, kuma ba a rubuta ƙauyen da baƙo ya fito ko abin da ya bari a can.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da bayanin yadda ake yi wa ƙaramar ƙungiya rajista a ƙaramar hukuma, da takardun da ake nema, da yadda ake buɗe mata asusu. Wadda ke da tambaya ta ba wa wakilinmu na yankinta saƙo. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa a kwana lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)